Isnadin Masu Lissafi: Me Ya Sa Mujallunsu Ke Tsananta wa Manazarta?

A shagunan buga takardu na Abule Egba da Agege, inda ɗaliban Jami'ar Legas da na LASU da ke Ojo kan kai kundayensu, shafin manazarta shi ne na ƙarshe da ake bugawa, kuma shi ake yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗalibi ya gaji, mai shago na sauri kafin a ɗauke wuta, sai a kwaso sunayen littattafai a jera. A wasu fannonin ana iya tsira da hakan. A lissafi kuwa, gurguwar manazarta na nufin gurguwar hujja.

Dalilin yana cikin yanayin fannin. Masanin lissafi ba ya tabbatar da komai daga tushe a maƙala guda. Yakan ce: wannan mataki ya tabbata bisa abin da wane ya riga ya tabbatar, sannan ya ɗora nasa a kai. Idan mai karatu ya bi sawu bai tarar da abin a inda aka ce yake ba, ko ya tarar an tabbatar da shi ne bisa wani sharaɗi da marubuci bai cika ba, duk abin da ya biyo baya ya rushe. Shi ya sa mujallun lissafi ba su cika gamsuwa da suna da shekara kawai ba, irin tsarin APA da ya mamaye tsangayoyin ilimi a ƙasar nan. Abin da aka fi sabawa shi ne lamba a cikin baka mai kusurwa, a biyo ta da ainihin wurin, kamar [7, ƙa'ida ta 3.2] ko [12, shafi na 45]. A ƙarshen maƙala a jera ayyukan, galibi bisa haruffan sunayen marubuta, kowanne da sunan mujalla a taƙaice, da juzu'i, da shekara, da shafin farko da na ƙarshe.

Aikin Andrew Wiles ya isa misali. A Yunin 1993 ya sanar a Cambridge cewa ya warware matsalar Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350. Masu tantancewa suka bi hujjar mataki-mataki, suka gano giɓi. Sai a Satumban 1994 aka cike shi, tare da Richard Taylor. Da aikin ya fito a Annals of Mathematics, juzu'i na 141, a 1995, maƙalu biyu aka buga a jere: ta Wiles daga shafi na 443 zuwa 551, sai ta Taylor da Wiles a bayanta, kuma ta farkon ta jingina da ta biyun. Wanda ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya, bai kawo hujjar a cike ba.

Ga wanda ya tashi a zauren karatu, wannan ba baƙon abu ba ne. Almajirin hadisi a Markaz na Agege, makarantar da Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa, ya san ba a karɓar magana sai an san daga wa aka ji ta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Sai dai akwai bambanci, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan al'adar masu lissafi. Isnadi na tambayar amanar mai ruwaya. Manazartar lissafi ba ruwanta da amanar kowa: tana ba ka adireshi ne ka je ka duba da kanka, ko da marubucin farfesan farfesoshi ne.

Taƙaita sunayen mujallu ma ba a yin sa da ka. Otto Neugebauer ya assasa Zentralblatt a Jamus a 1931, sannan bayan ya bar Turai saboda mulkin 'yan Nazi, ya assasa Mathematical Reviews a Amurka a 1940. Su biyun ke bitar abin da aka buga a fannin, kuma taƙaitawar da Mathematical Reviews ta tsara ita akasarin editoci ke bi. Donald Knuth ya fito da manhajar TeX a 1978, LaTeX ta biyo baya, BibTeX ta zo a 1985 tana jera manazarta da kanta bisa salon kowace mujalla. Ɗalibin da ya koyi waɗannan ya huta da zaman gyaran waƙafi a shago. Na'ura dai abin da aka ɗura mata take fitarwa. In an sa shekara ba daidai ba, haka za ta fito tsaf da kuskurenta.

Wata al'adar kuma tana jawo rigima a jami'o'inmu. Idan mutum uku suka rubuta maƙalar lissafi, bisa haruffa ake jera sunayensu, ba bisa girma ko yawan aiki ba, don da wuya a ce ga wanda ya fi wani a tunanin da aka haɗu aka gina. Kwamitin ƙarin girma kuwa yakan fifita sunan farko, har a rage wa na baya maki. Mai suna Abubakar ya ci riba ke nan, Zubairu ya sha ƙasa, ba don ɗaya ya fi ɗaya ba. Haka ma ƙa'idar nan ta wasu sassa cewa manazarta kada ta wuce shekara biyar ko goma. Alhali a lissafi, abin da aka tabbatar a 1890 yana nan daram. Rahoton da Ƙungiyar Lissafi ta Duniya ta fitar tare da wasu ƙungiyoyi biyu a 2008 ya ja kunne a kan haka: ma'aunin da ke ƙirga ambaton shekara biyu kacal yana zaluntar fannin da yawancin ambatonsa na tsofaffin ayyuka ne.

Sai matsalar da ta fi taɓa mu, wato suna. An gina tsarin ne a kan sunan dangi da ba ya sauyawa, alhali Bahaushe na iya zama Musa Sani a wannan maƙala, M. S. Katsina a waccan, ya ƙara sunan kakansa a ta uku. Rumbun bayanai sai ya raba shi gida uku, ko ya haɗa shi da wani daban. Tsohon ciwo ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732 ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, yana fitowa a rubuce-rubucen Turawa a matsayin al-Kishnawi, ko al-Kashnawi, ko al-Kishwani, har mai nema ya zaci malamai uku ne. Tun 2012 akwai lambar ORCID, wadda marubuci ke samu kyauta ta bi shi duk inda ya buga. Matashin da zai aika aikinsa na farko zuwa Journal of the Nigerian Mathematical Society, ko Abacus, ko Afrika Matematika, gara ya karɓi lambar, ya kuma tsai da siga ɗaya ta sunansa tun kafin edita ya tsai da ita a madadinsa.