Jitar da Ke Tona Asirin Ɗan Koyo

A shekarun 1920, kafin a fara ƙara wa jita amo da lantarki, kukan masu jita a Amurka shi ne ba a jin su da zarar ƙaho da ganga sun tashi. John Dopyera, maƙerin kayan kiɗa ɗan asalin Sulobakiya mazaunin Los Angeles, ya dasa faifan alminiyam mai siffar mazurari a cikin jita, yadda in tsirkiya ta motsa sai faifan ya ɗauka ya ƙara mata amo. Kamfanin National ya fara sayar da ita a 1927, daga baya Dopyera da 'yan'uwansa suka ɓalle suka kafa kamfanin Dobro. Don ƙara aka ƙera ta, kuma ƙarar nan ce ke wahalar da mai koyo har yau.

Tun kafin ya biya kuɗi sai ya zaɓi gida, don jitar iri biyu ce. Mai zagayayyen wuya ana rungumar ta, a zura wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a yatsa, irin kiɗan bulus na Son House da Bukka White a Misisifi. Mai wuya kusurwa huɗu kuwa kwantar da ita ake yi a cinya, a riƙa zamar da sandar ƙarfe a kanta. Salon ya fito ne daga Hawai, Josh Graves ya shigar da shi kiɗan bulugiras a 1955, Jerry Douglas ya kai shi nesa. Tsirkiyoyin irin wannan jitar sun yi nisa da wuya yadda yatsa ba ya iya danne su.

Farkon koyon yana da yaudara. Ana ɗaure tsirkiyoyi shidan ne yadda ko ba a taɓa wuya ba muryoyinsu sun dace. Sai a ɗora ƙarfe a gaɓa ta 5, ta 7 da ta 12, ga waƙa ta fito. Ɗan koyo ya ɗauka ya iya.

Bai iya ba. A jita ta yau da kullum, layukan ƙarfen da ke gicciye a wuya su ke tsayar da sauti daidai. A nan alama ce kawai. Dole kwalbar ta tsaya saitin kan layin, ba bayansa ba, kuma taɓawa ake yi, ba dannawa ba. In ta goce da faɗin ƙwayar shinkafa, sauti ya karkace, faifan kuma ya yi shelarsa. Mai goge zai gane wannan nan take, don shi ma kunne ne jagoransa.

Sai aikin da ya fi cin rai: kashe sautin da ba a so. Yatsun da ke bayan kwalba suna bin tsirkiya a hankali don hana ta ƙara, hannun dama kuma yana toshe wadda ta gama magana. Da yawa suna tsallake wannan su ruga wajen karkaɗa kwalba, don rawar sauti tana rufe kuskure. A ganina nan ne ake lalata hannu.

Mai son koyo ya fara da tsirkiya ɗaya, a hankali, yana rera sautin da bakinsa kafin ya neme shi da ƙarfe. Ya naɗi kiɗansa a waya ya saurara, kada ya ji wa kansa tausayi.