Lissafin Ƙarshen Duniya a Risalar Al-Kashf ta Imam Suyuɗi: Nazari da Sharhi

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Akwai maganar da ta daɗe a bakin wasu masu wa'azi, ta kuma sami sabon ƙarfi a wayoyin hannu, cewa wannan al'umma ba za ta kai shekara 1500 bayan Hijira ba. Idan aka nemi madogara, sai a ce Imam Suyuɗi ne ya faɗa. Lallai ya faɗa, a wata gajeriyar risala mai suna Al-Kashf an Mujawazati Hazihil Ummatil Alf, wadda ke cikin kundin fatawowinsa, Al-Hawi lil Fatawi. Shekarar 1500 za ta kama ne wajen 2076 zuwa 2077 Miladiyya, ke nan da yawa daga cikin ɗaliban da ke ajujuwanmu za su iya riskarta in Allah Ya yi musu tsawon rai. Yadda aka saba, duk lokacin da irin wannan adadi ya matso, sai firgici da masu da'awa su yawaita. Wannan maƙala za ta duba risalar ita kanta: dalilin rubuta ta, yadda aka gina lissafinta, inda ta dace da inda ta gaza, da kuma sawun da ta bari a ƙasar Hausa.

Dalilin rubuta risalar

An haifi Jalaluddini Abdurrahman Suyuɗi a shekara ta 849, ya rasu a Alƙahira a 911. Ya rubuta wannan risala a 898 (1492/1493), saura shekara 102 a cika dubu. A lokacin wata magana ta bazu da sunan hadisi, wai Annabi (S.A.W) ba zai cika shekara dubu a kabarinsa ba. Wani malami ya dogara da ita ya ba da fatawa cewa bayyanar Mahadi da Dujal da saukowar Annabi Isa (A.S) da busa ƙaho duk za su auku kafin dubun ta cika. Da aka tambayi Suyuɗi, ya ce maganar ƙarya ce, ba ta da asali. Daga nan ya ɗauki alƙalami don ya nuna cewa al'umma za ta haye dubu, kuma wannan shi ne ma'anar sunan risalar.

Ya kamata a riƙe wannan tun daga farko. Manufar littafin ita ce kwantar da hankalin jama'a da rushe wa'adin da wani ya yanka. A yau kuwa ana ɗaga shi ne don tayar da hankali.

Yadda ya gina lissafin

Hujjarsa hawa biyu ce. A hawa na farko ya tattaro ruwayoyi kan abubuwan da za su gabaci ƙarshen duniya. Annabi Isa zai zauna shekara 40 bayan ya kashe Dujal. Mutane za su ci gaba da rayuwa shekara 120 bayan hudowar rana daga mafaɗarta. Tsakanin busa ta farko da ta biyu akwai shekara 40. Jimilla 200 ke nan, alhali abin da ya rage a cika dubu 102 ne kawai, kuma ko Mahadi bai bayyana ba balle Dujal. Saboda haka ba zai yiwu duniya ta tashi kafin dubu ba.

A hawa na biyu ya kawo ruwayoyin da ke cewa shekarun duniya baki ɗaya dubu bakwai ne, mako guda na ranakun Lahira, kowace rana shekara dubu. Ya ce an aiko Annabi (S.A.W) a ƙarshe-ƙarshen dubu ta shida. Idan haka ne, rabon al'umma shi ne dubu ta bakwai cif, da abin da ya saura daga ta shida, wanda bai kai rabinta ba. Daga nan ya yanke cewa za a wuce dubu, amma ƙarin ba zai kai 500 ba.

Inda risalar ta dace

Hukuncinsa a kan hadisin kabari daidai ne, kuma aiki ne irin na masanin da ya wallafa Tadribur Rawi a ilimin musɗalahi da Al-La'alil Masnu'a a kan ƙagaggun hadisai. Hawa na farko ma yana da hikima ta fuskar jayayya, domin ya kama abokin magana da irin ruwayoyin da shi kansa ya yarda da su, ya nuna masa cewa ba su ba shi sakamakon da yake so ba. Tarihi kuma ya gaskata shi, tunda shekara ta dubu ta zo ta wuce. Da ya ajiye alƙalami a nan, da risalar ta zama abin koyi wajen kashe jita-jita da hujja.

Inda ta gaza

Rauni na farko yana cikin tubalin. Babu hadisi ingantacce daga Annabi (S.A.W) da ya ƙayyade shekarun duniya da dubu bakwai. Abin da ke akwai shi ne maganganun wasu magabata, da ruwayoyin da ke komawa ga irin su Wahabu ɗan Munabbihu, wanda ya shahara da ɗauko labaran Ahlul Kitabi. Siffanta rayuwar duniya da mako guda na dubunnan shekaru sananne ne a wurin Yahudu da Nasara tun kafin Musulunci. Manyan malamai sun yi magana a kai kafin a haifi Suyuɗi. Ibn Hazm (ya rasu 456) ya ce Musulmi ba su yanke wa duniya wani adadi. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751) a Al-Manarul Munif ya kawo hadisin dubu bakwai a matsayin misalin ƙagaggen hadisi da ake ganewa ta hanyar saɓa wa Alƙur'ani, domin da ya inganta, da kowa ya iya ƙirga abin da ya rage. Ibn Kasir (ya rasu 774) ma ya bayyana cewa ba abin da ya tabbata a wannan babi. Tara ruwayoyi masu rauni yana ƙara musu ƙarfi ne idan mafitarsu daban-daban ce kuma raunin mai sauƙi ne. Idan duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, yawan guga ba ya canza ruwan.

Rauni na biyu shi ne tawilin da ya yi wa hujjarsa. Daga cikin abin da ya kawo akwai ruwayar Ibn Zimli a kan mafarkin mumbari mai matakala bakwai, wadda Ibn Hajar ya ce isnadinta mai tsananin rauni ne. Zahirinta yana nuna cewa Annabi (S.A.W) yana cikin dubu ta ƙarshe, wato ta bakwai. Idan aka bar ta a haka, tana goyon bayan malamin da Suyuɗi ke yi wa raddi ne, domin dubu ɗaya tal za ta rage. Sai ya fassara ta da cewa mafi yawan rayuwar al'ummar ce ke cikin dubu ta bakwai. Wannan tawili buƙatar sakamako ce ta haife shi, lafazin bai nuna shi ba.

Rauni na uku shi ne cewa lissafin ya riga ya warware kansa. Idan dole ne shekara 200 su shuɗe bayan fitowar Dujal, kuma jimillar ba za ta kai 1500 ba, to wajibi ne Dujal ya fito kafin shekara ta 1300, wadda ta kama a ƙarshen 1882. Ko da an cire shekara 40 ta tsakanin busa biyu, wa'adin bai wuce 1340 ba, wato 1921. Duka biyun sun wuce fiye da ƙarni guda. Ma'aunin da Suyuɗi ya rushe fatawar dubu da shi, shi ne yau yake rushe iyakar 1500. Duk mai wa'azin da ya kafa hujja da ƙarshen risalar ya bar farkonta, bai yi wa mawallafin adalci ba.

Rauni na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, ya shafi aƙida. Aya ta 187 a Suratul A'araf, da ta 63 a Ahzab, da ta 34 a Luƙman, da ƙarshen Nazi'at, duk sun keɓe sanin lokacin Sa'a ga Allah. A hadisin Jibrilu, Annabi (S.A.W) ya bayyana cewa shi da mai tambayar ba wanda ya fi wani sanin lokacinta. Za a iya cewa Suyuɗi iyaka kawai ya sa, bai ambaci shekara ba. Amsa ita ce iyaka takan rikiɗa ta zama ƙayyadewa da tafiyar zamani. Mutumin ƙarni na goma yana da tazarar shekara ɗari biyar, amma wanda ya riski 1499 yana riƙe da wannan ra'ayi zai ce ya san shekarar tashin Ƙiyama, alhali Alƙur'ani ya ce ba za ta zo ba sai kwatsam.

Suyuɗi ba shi ya fara ba. Ɗabari (ya rasu 310) a gabatarwar littafinsa na tarihi ya kintata wa al'umma kimanin shekara 500, bisa ruwayar rabin yini da ke cikin Sunanu Abi Dawuda. Suhaili (ya rasu 581) ya nemi adadin daga ƙimar haruffan da ke farkon surori. Ibn Khaldun (ya rasu 808) ya bi waɗannan lissafe-lissafe a Muƙaddima, a babin hasashen makomar dauloli, ya nuna cewa aukuwa ta ƙaryata na Ɗabari, kuma na haruffa ba shi da tushe a hankali ko a shari'a. Abin lura shi ne kowane ƙarni yakan gyara adadin na baya, ya bar hanyar da ta haifar da kuskuren.

Sawunta a ƙasar Hausa

Suyuɗi ba baƙo ba ne a nan. Ya aika da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, kuma Tafsirul Jalalaini har yau shi ne abin karantawa a zaurukanmu cikin watan Azumi. Girmansa ya sa rubuce-rubucensa kan alamomin Sa'a suka sami karɓuwa, suka kuma taimaka wajen ƙarfafa tsammanin bayyanar Mahadi a ƙarni na goma sha uku, ƙarnin da aka yi jihadin Sakkwato a cikinsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1168 zuwa 1232) ya gaskata zuwan Mahadi, amma ya musanta a fili cewa shi ne, ya kuma wallafa Tahzirul Ikhwan yana jan kunnen jama'a game da masu da'awar Mahadiyya, tare da bayyana cewa ba a san lokacin bayyanarsa a kan yaƙini ba.

Duk da haka tsammanin bai kwanta ba. Jama'a sun riƙa kwasar iyali suna nufar gabas don tarar Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya yi da'awa a Sudan a 1881, gab da cikar 1300, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a, ya kafa sansani a Balda cikin ƙasar Adamawa. Muhammad Ahmad ya rasu a 1885 ba tare da alamomin sun biyo baya ba. A 1906 an yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, mai ɗauke da launin Mahadiyya, ya ƙare da ƙone garin da kisan jama'a masu yawa. Ba za a ɗora wa risala ɗaya alhakin waɗannan ba, domin zalunci da bauta da mamayar Turawa duk suna cikin dalilansu. Abin da adadi ke yi shi ne ya ba wanda ke cikin ƙunci tabbacin cewa lokaci ya yi, sai ya sayar da gona ko ya ɗauki makami. An sake ganin haka ranar 1 ga Muharram 1400 (20 ga Nuwamba 1979), lokacin da Juhaiman al-Utaibi ya mamaye Masallacin Harami yana shelar cewa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadi, aka zubar da jini a wuri mafi alfarma.

Kammalawa

Musulunci bai hana duban gaba ba. Annabi Yusuf (A.S) ya tsara wa Misira tanadin shekara bakwai na yalwa don bakwai na fari. Manomi yana lura da gajimare, likita yana auna inda cuta ta dosa, masanin falaki yana lissafa kusufi, duk bisa sababai da Allah Ya gudanar kuma ana iya gwada su. Imani da alamomin Sa'a da suka inganta shi ma wajibi ne. Abin da aka rufe ƙofarsa shi ne sanya musu kwanan wata. Da wani ya tambayi Annabi (S.A.W) yaushe ne Sa'a, sai ya mayar da shi ga tanadin da ya yi mata. A wani hadisi na Musnadu Ahmad ya umarci mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Ƙiyama na shirin tsayawa.

Shawarar wannan maƙala ga sassan Hadisi da Aƙida ita ce su sanya Al-Kashf cikin abin da ɗalibai za su karanta da kansu, gaba ɗayanta, tare da abin da Ibnul Ƙayyim da Ibn Khaldun suka rubuta, su bi isnadin ruwayoyinta ɗaya bayan ɗaya, su kuma sake lissafin da hannunsu. Ɗalibin da ya yi haka zai san darajar Suyuɗi, zai kuma san cewa ijtihadin babban malami yana iya kuskure, ya sami ladansa, mu kuma ba a ɗora mana binsa a kai ba. Waɗannan ɗalibai su ne za su hau mumbari a shekarun da 1500 za ta ƙarato, kuma su jama'a za su tambaya. Allah Ya jiƙan Imam Suyuɗi, Ya saka masa da alheri. Allah ne Mafi sani.