A Bar Yaro Ya Yi Jere a Waya, Amma da Hannunsa

Akwai wani nau'in wasan waya da kwamfuta da ake jefa mutum a tsakiyar daji ba ko wuƙa a hannunsa, a bar shi ya san yadda zai kai gobe. Ya sari itace, ya haƙi dutse, ya nemi abin kaiwa baki, ya yi maza ya kafa bango kafin rana ta faɗi, domin da duhu miyagun halittu ke fitowa. Uban tafiyarsu shi ne Minecraft, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Siwidin ya fitar a 2011, Microsoft ta saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. A cikinsa yini da dare duka minti 20 ne. Wanda bai yi ɗaki ba a yinin farko, da wuya ya ga safiya.

Sai dai da zarar bango ya tsaya, ƙofa ta rufu, ciki ya cika, 'yan wasan nan ba sa tsayawa a nan. Su shimfiɗa darduma, su rataya hoto, su dasa fure a kasko, su canza wa fitila wuri har sai ta yi musu. Ba ko ɗaya a ciki da ke hana dodo shigowa. Abin ya zama yayi har ya kai wasu ba su damu da faɗan ba, ƙawata ɗaki ne wasansu. PUBG Mobile ma, da samarinmu suka fi sani da harbe-harbe, ya buɗe sashen gina gida da shirya shi.

A Batsari da Safana wannan magana tana da nauyin da ba ta da shi a wani wuri. Mu da ke bakin Dajin Rugu, tsira da rai ba a waya muka san ta ba. A watan Fabrairun 2020 an shiga Tsauwa da Ɗankar, aka kashe mutum 30 kamar yadda 'yan sanda suka bayyana, aka cinna wa gidaje wuta. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu biyu, aka kuma hana sana'ar cajin waya. Don haka idan dattijo ya ga yaro ya duƙufa yana gyara labule a ɗakin da babu shi, ya ce wannan rashin sanin ciwon kai ne, ban ga laifinsa ba. Amma ban yarda da shi ba. A ganina, a duk abin da ke cikin waɗannan wasanni, wannan ɓangaren ne ya fi kusa da hankali.

Duk wanda ya ga matan da aka koro daga ƙauyuka suka sami ɗaki ɗaya na aro a cikin garin Batsari ya san abin da nake nufi. Kafin a yi maganar tuwon dare, za a share, a yayyafa ruwa, a ɗaura tsohon zane a bakin ƙofa, a kife 'yan kwanuka ukun da aka tsira da su a kusurwa, babba a ƙasa ƙarami a sama. Babu wanda ya ce lokacin kwalliya bai yi ba. Mace ba ta jin ta sauka sai ta yi jere, ko da na abu uku ne.

Kuma jere a ƙasar Hausa aikin hannu ne da ido. Iyayenmu mata sun san ranar daɓe, ranar da matan unguwa ke haɗuwa da madaɓai suna bugun ƙasa suna waƙa, a zuba ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har daɓen ya yi ƙarfi ya yi duhu yana sheƙi. A shafe bango da farar ƙasa. A da ƙorai ne da faya-fayai ake jerawa, kamar yadda matan Fulani ke jera nasu a ruga. Daga baya kwanukan langa da tasoshi da samira suka shigo, ana ɗora su hawa-hawa har su kusa taɓa rufi, sannan kabad mai gilashi ya zo. Kayan kasuwa ne, gaskiya, amma 'yan jere ne ke ba su daraja. Gwaggo biyu za su iya samun kwanuka iri ɗaya, ɗakin ɗaya ya tsayar da mai shigowa a bakin ƙofa, ɗayan ya zama shago kawai.

Cikin masu ƙera wasannin akwai waɗanda suka fahimci haka. Valheim, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Iron Gate ya fitar a 2021, ya sa ƙawa ta zama ƙarfi. Idan ɗakinka yana da rufi da wuta da gado da kujera da shimfiɗar fata, ana lissafa maka matakin jin daɗi, kowane mataki ya ƙara maka minti ɗaya na ƙarfin hutu, numfashi da lafiya su riƙa dawowa da sauri idan ka fita farauta. Kuma kowane ƙyalle a ɗakin kai ka nemo kayansa ka haɗa. Ba a sayar da shi.

Inda nake da ja shi ne kanti. Fallout 76 na da shagonsa a cikin wasa inda ake sayen fenti da kujeru da fitilun sansani. A Rust har ƙofa da akwati ana saya musu riga. Minecraft kansa ya buɗe kasuwarsa a 2017, da nasa kuɗin da ake saye da kuɗin gaske. Free Fire kuwa ba sai an gaya wa kowa labarin dayamon da ake saye a cikinsa ba. Farashin duk a kan dala aka gina shi, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Yaron da ya yini yana ɗaukar buhu a kasuwa, ko yana cirar ciyawa a gonar wani, ya zo ya zuba kuɗin a kan gadon da ba zai kwanta a kai ba, kuma ranar da kamfani ya rufe wasan ko aka ƙwace masa akawun, shi ke nan. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne an raba shi da aikin. Wani a wata ƙasa ya zana, ya zaɓi launi, ya daidaita komai, shi nasa danna maɓalli ne. Idan abokansa suka shigo, aljihunsa suke gani, ba idonsa ba.

Wannan ciwon mun san shi a kayan ɗakin gaske. Yanzu saiti ake ɗaukowa dungurungum daga shagon kafinta a Katsina ko Kano, gado da madubi da kujeru da labule launi ɗaya, uba ya sayar da gona ko ya ci bashi don kada a yi da 'yarsa. 'Yan jere sun koma masu kwance leda.

Akwai kuma batun irin gidan da ake ginawa. Ɗan 'yar'uwata ya taɓa miƙo mini waya, ya ce, "Kawu, dubi gidana." Gini ne mai kyau ƙwarai, na katako, da rufi mai tsini irin na ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba, da murhun ɗumama ɗaki mai bututun hayaƙi. A YouTube ya kwaikwayo shi. Ƙofar waje tana buɗewa kai tsaye cikin ɗakin kwana. Na tambaye shi ina baƙo zai zauna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ban ga ana yi musu zaure ba."

Alhali kayan aikin gina irin namu suna nan a hannunsa kyauta. Tun 2022 Minecraft ya shigo da laka: ka zuba ruwa a ƙasa ta zama taɓo, ka cuɗa da alkama ta kame, ka yi bulo da ita. Wannan ai kwaɓin magininmu ne, ƙasa da ciyawa, har launin ya yi kusa da jan bangon ƙauyukanmu. Da shi za a iya tada zaure, a karkata hanyar shiga yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba, a fitar da zanko a kusurwoyin soro, a lanƙwasa bakan gizo da matakala. Akwai rini kala 16 na zayyanar bango. A 2023 an ƙara tukwane masu zane, ga randa ta samu. Ana iya saka akushi a firam a manna a bango, a jera su sahu-sahu. Kuma da zarar wasan ya sauka a waya, ginin ba ya bukatar intanet, abin da mutumin da ya taɓa yin watanni babu layi ba zai raina ba.

Abin koyi ma ba nisa. Ga Gidan Korau da hasumiyar Gobarau a Katsina. Ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gini daga Turai suka zo suka auna bakunansa suka rubuta littattafai a kai. Kusa da gida kuwa, a Ruma da Wagini da Runka da Zakka, akwai sauran tsofaffin ɗakuna masu rufin azara da bulon siminti da kwano ba su kai ga cinyewa ba.

Yaron da ya ƙudura gina irin wannan a waya dole ya tashi ya yi tambaya. Zai je wajen tsohon magini ya ji dalilin da ya sa ake neman azarar giginya, da yadda gara ba ta cinta, da abin da ya sa ɗaki mai faɗi ke bukatar baka. Zai zauna gaban kakarsa ya ce, "Iya, a ɗakinki na aure ina gado yake, ina randa, wane kwano ne a sama?" Wasu daga cikin kakannin nan ɗakunan nasu sun ƙone, wasu suna ƙauyukan da har yau ba a koma ba, kuma babu hoton ko ɗaya. Jikan da ke da waya da haƙuri zai iya tada shi bulo bayan bulo, ita tana gyara masa tana cewa a'a, kabad ɗin ya fi matsowa kusa da taga.