Marubuciya a Idon Mai Ɗaukar Hoto: Nazari a kan Diagram of the Heart

A shekarar 2016 wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Glenna Gordon, ta fitar da littafin hotuna mai suna Diagram of the Heart, a kan matan Kano masu rubuta littattafan soyayya. Abin da ya kamata a auna shi da shi kuwa shi ne aikin Balaraba Ramat Yakubu, domin ita ce ta fi kowa tsayawa a kan haƙƙin mata cikin waɗannan marubuta, tun daga Budurwar Zuciya a 1987 har zuwa Wa Zai Auri Jahila?

Ta fuskar hoto, ba a rasa abin yabo. Gordon ta shiga cikin gida, inda baƙo namiji ba ya isa, ta nuna amare da lalle da 'yan biki, da mace zaune da alƙalaminta a ɗaki. Wanda ya san cewa a 2007 hukuma ta ƙone irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano zai gane nauyin hoton mace tana rubutu.

Amma fa hoto bebe ne. Ƙarfin Balaraba yana cikin magana da ginin labari. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta riƙe gida da sayar da abinci, sa'an nan da dukiyarsa ta ƙone aka matsa mata ta koma. Wannan komawar ita ce hukunci mafi ɗaci da marubuciyar ta yanke wa al'umma, kuma babu hoton biki da zai ɗauke shi. Mai kallo a Turai sai ya ga mayafi da gado da kayan ɗaki, ya ɗauka waɗannan mata abin tausayi ne, alhali kuwa masu gardama ne, har a tsakaninsu. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta ƙasar Katsina, mai Allura Cikin Ruwa, hanyarta dabam: nata matan da ilimi da wadata suke cin nasara cikin aure. Kyamara kuwa kusan fuska ɗaya take ba su duka.

Saboda haka malamin kwaleji a Katsina da zai kai littafin aji, ya fara sa ɗalibai su karanta labarin Rabi da Hausarsa tukuna, sa'an nan a buɗe hotunan.