Ji da Gani a Fim ɗin City Lights na Charlie Chaplin

A watan Disamba na 1928 ne Charlie Chaplin ya fara ɗaukar City Lights, wato shekara ɗaya da 'yan watanni bayan fitowar The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe ƙofar sa magana a finafinan Amurka. Kafin ya kammala aikin a 1930, manyan kamfanoni sun riga sun juya wa fim marar magana baya. Shi kuwa ya ƙi sa wa tauraronsa, ɗan yawon nan mai sanda da malafa, murya, domin dai da ishara yake isar da saƙo ga masu kowane harshe, Turanci kuwa zai taƙaita masu sauraronsa.

Akan ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya da sauti baki ɗaya. Zubin fim ɗin bai goyi bayan haka ba. Ginshiƙin labarin shi ne wata makauniya mai tallar furanni ta zaci matalaucin nan attajiri ne. To, ta yaya za a nuna wannan zato ba tare da furuci ba? Nan Chaplin ya daɗe yana fama. An ruwaito cewa sau 342 aka ɗauki wannan fitowa, kuma a 1929 ya sallami Virginia Cherrill, ya gwada Georgia Hale, sannan ya maido da ita. Mafitar da ya samu ita ce ƙofar mota: yarinyar ta ji an rufe ta, ta ɗauka mai sayen furenta ne ya shiga. Ashe jigon ya rataya ne a kan ji, mai kallo kuma da ido yake gane abin da kunnenta ya kama.

Inda ya yi amfani da sauti kai tsaye, ba'a ya yi da shi. A fitowar farko manyan gari suna jawabi, amma busa ce marar ma'ana ke fita a madadin kalmominsu. Wannan zambo ya ɗan yi kaifi fiye da kima, ganin cewa shi kansa ya dogara da sabuwar na'urar wajen liƙa kiɗan da ya tsara. An fara nuna fim ɗin a Los Angeles ran 30 ga Janairu, 1931, kuma ya samu kasuwa sosai.