Jinjina ga masu gyaran wutar mota na Maraɗi

Yawancin motocin da ke jigila tsakanin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa sun sha duniya: tsofaffin Toyota ne da aka sauke a tashar ruwan Kwatano tun zamanin kaset. Kaset ya ɓace a kasuwa, amma direba bai daina son Shata ko karatun malaminsa ba. Masu gyaran wutar mota su ne suka ɗinke wannan ɓaraka.

Mai ƙaramin ƙarfi sai su ba shi 'yar na'urar da ake cusawa a ramin kunna taba, ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth, ta miƙa wa tsohuwar rediyo ta zangon FM. Tana aiki, ko da yake wani lokaci tashoshin gari kan tsoma mata baki. Mai hali kuwa a cire masa rediyon ɗungurungum, a sa sabuwa mai kafar USB da memori.

Wajen haɗa wayoyin sabuwar rediyo ake gane gwani. Waya mai ruwan ɗorawa tana zuwa batir kai tsaye, ja tana bin makulli, baƙa tana kama jikin mota. Ɗan koyo ya haɗa ja da ɗorawa wuri guda, rediyo ta kwana tana shan wuta, da asuba sai turi. Gwani yakan auna kowace waya, ya sa fis, ya naɗe mahaɗa tsaf saboda ƙura da zafin bazara.

Yanzu direba na amsa kiran fasinja hannunsa biyu na kan sitiyari. Direbobi, in aiki ya yi kyau, ku biya masu gyaran ba tare da dogon ciniki ba.