Katin Majiyyaci da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Sharhi a Kan Tsarin DHIS2 a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna tsarin DHIS2, wato manhajar nan da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda Nijeriya ta ɗauka don tattara bayanan kiwon lafiya. Ma'auninmu kuwa shi ne buƙatar majiyyacin karkara a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

A ƙananan asibitoci, ma'aikaci yakan rubuta kowane majiyyaci a littafin rajista. Idan wata ya ƙare sai ya haɗa jimilla, ya miƙa wa ƙaramar hukuma, a shigar a na'ura, daga nan alƙaluman su isa Kano da Abuja. Ba za mu hana wa tsarin yabonsa ba, domin ta haka ne hukuma kan san yawan masu zazzaɓin cizon sauro da yaran da aka yi wa rigakafi.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai abin da ke tafiya jimilla ce. Tarihin majiyyaci yana nan kwance a rajista. Wannan yanki kuwa gona na haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, don haka mutum ɗaya yakan ziyarci asibiti biyu ko uku, gwargwadon ranar kasuwa ko inda magani ya samu. Alal misali, a ƙaddara mai juna biyu ta yi awo a ƙauyensu, an ga tana da hawan jini. Ranar da jijjiga ta kama ta aka garzaya da ita birni cikin dare, likita ba shi da abin dubawa sai katin hannunta, in ma an tuna an ɗauko shi. Na'ura ta ƙirga ta, amma ba ta san ta ba. Gaskiya ne manhajar tana da sashen bin majiyyaci ɗaya ɗaya, to amma wannan yana buƙatar lantarki da intanet da lambar shaida, tunda a unguwa guda ana samun masu suna ɗaya da yawa, shekarun haihuwa kuma sau tari kintata su ake yi.

Daɗin daɗawa, akwai batun amana. Jama'ar Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, kuma rashin yarda ne ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun tanadi kiyaye sirrin majiyyaci, amma da Turanci aka rubuta su. Wanda ba a yi wa bayani da harshensa ba, yaya za a ce ya amince?

4.0 Kammalawa

A ra'ayinmu, kamata ya yi a fara da musayar bayanai tsakanin asibitin ƙauye da babban asibitin da yake tura marasa lafiya, musamman na masu juna biyu, a kuma nemi izinin majiyyaci da Hausa. Kafin hakan ta tabbata, kada a yi wasa da katin hannu, domin shi ne kaɗai ke bin mai shi duk inda ya nufa.